Gyauron Dawa

Bazarar shekarar nan ta zo da mugunta. Ruwa ya sauka sau ɗaya a Samaru, ya ruɗi mutane, daga nan ya ɗauke ƙafa. Rijiyar lambun Keziya ta kusa komawa taɓo, kaji na kwance baki buɗe a gindin mangwaro. Duk wannan da sauƙi, muddin akuyarta na tsaye. Tun da 'yarta Lovelyn ta rasu wurin haihuwa, nonon akuyar nan kaɗai cikin jaririn da ta bari yake karɓa. Madarar gwangwani amai take sa shi.

Ran nan Keziya ta yanki alayyahu ta nufi kasuwar Sabon Gari, ta bar wa mijinta Martin gida. Shi kuwa tsohon soja ne, a bariki aka haife shi, a barikin Basawa ya yi furfura. Kirki kam har ya yi masa yawa, amma kiwo bai san kansa ba. Ya ga akuya na fama da busasshiyar harawa, tausayi ya kama shi. Sai ya ja ta bayan gida, inda kututturen dawar bara ya yi gyauro kore shar, ya ɗaure ta don ta ci ta more. Bawan Allah bai san gyauron dawa da fari ya taɓa guba ne ga dabba ba.

Da Keziya ta dawo, ta tarar da akuya kwance, ciki ya kumbura kamar tulu, baki na kumfa.

"Baban Lovelyn, me ka ba ta?"

"Ɗanyen ganye ne kawai," in ji shi. "Na ga ta rame."

Ba ta da lokacin faɗa. Ta ruga ta ɗauko kwalbar manja, ta ɗaga kan akuyar ta ɗura mata, tana murza cikin, tana kiran sunan Yesu. Tsoro irin wannan rabonta da shi tun ranar da Lovelyn ta rasu a asibiti.

Maƙwabcinsu mahauci ya jiyo kururuwa, ya shigo da wuƙa. Kallo ɗaya ya yi ya girgiza kai.

"Mama, ki bar ni in yanka. In ta cika da kanta mushe ce, ko naman ba ku tsira da shi ba."

"Nama zan ba jariri?" ta daka masa tsawa. "Ka matsa min, za ta tashi!"

Ta ƙara ɗura manja har ya ɓata mata zane. Akuya ta shure ƙafa, ta miƙe wuya, shi ke nan. Keziya ta ci gaba da murza cikin, ba wanda ya iya ce mata ta daina.

Can sai kuka ya tashi daga ɗaki. Martin ya shiga ya fito da yaron a kafaɗa, ya tsaya a bayanta, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Maman Lovelyn," ya ce a hankali, "yunwa yake ji."