Telan da Ya Ajiye Almakashi

Ranar da Celina ta gaya wa mijinta Sylvanus tana da ciki, bai yi tsalle ba, bai ma ce an gode Allah ba. Tashi ya yi ya kwashe almakashin shagonsa kaf, ya haɗa da wuƙaƙen kicin da reza da abin yanke farce, ya ɗaure a buhu, ya hau okada ya kai gidan ƙanensa Godwin a Mahuta. Tela fa! Mutumin da duk unguwar Television ta san shi da iya yanka rigar mata.

Dalilinsa a fuskarsa yake. Da tsagaggen leɓe aka haife shi, sai da ya shiga firamare aka ɗinke masa, kuma tabon na nan ƙarƙashin gashin baki. Uwarsa, can Zonkwa, ta cusa masa tun yana ƙarami cewa laifin ubansa ne, wai tana da cikinsa mutumin ya wuni yana tsaga gora, shi ya sa leɓen ɗa ya tsage. Yaran makaranta kuwa zomo suke kiransa. Sylvanus ya girma, ya yi aure, ya zama dattijo a coci, amma ba ya cin karas a gaban mutane har yau. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada a kira ɗansa da wannan sunan ko sau ɗaya.

To, gida ya shiga uku. Doya a dunƙule ake dafa ta, albasa ta faɗa miya da ranta. Celina ta ce ita ai ba uba ba ce, a dawo mata da wuƙarta, ya ce ba a sani ba, gara a kiyaye. Farcensa ya yi zaƙo-zaƙo, gemu ya cika masa fuska, har Fasto ya ja shi gefe ya tambaye shi ko ya canza ɗariƙa ne.

A shago abin ya fi muni. Ba ya yanka yadi, ba ya yagawa, don a ganinsa yagawa ta fi yanka haɗari. Aka ce ya ba wani tela ya yanka masa, ya ce idan shi ya aika, shi ya yanka. Sai dai ya ninke, ya cusa, ya ɗinka, in ya kai ƙarshen layi ya ƙyasta ashana ya ƙone zaren. Shagon kullum ƙauri kamar ana babbakar kan akuya.

Ana cikin haka ankon Zumuntar Mata ta cocinsu ya iso, na bikin godiya. Kowace mace ta kawo atamfa turmi guda, kowace kuma turminta guda ta karɓa, ba a rage ko tsinke ba, an dai naɗe shi an ɗinke an bar rami a sama. Ranar Lahadi matan suka shigo coci a jere kamar katifu sun yi ƙafa. Babu mai iya ɗaga hannu ta buga tulun kiɗa. Mama Talatu, shugabarsu, kanta ya ƙi wucewa ta ramin, da goshi da ido ɗaya ta ja waƙar farko, kuma wallahi ta ja ta har ƙarshe, don Mama Talatu ba ta san ja da baya ba. Bayan sujada ta sa aka zare ta daga ciki, ta nufi Celina ta ce ko ta kai mutumin nan asibiti a yi masa bayani, ko Zumunta ta yi masa da kanta.

Haka Celina ta tasa shi gaba zuwa wani ƙaramin asibiti a Unguwar Boro, ranar ɗaukar hoton ciki. Ciki ya kai wata biyar. Mai ɗaukar hoton, Madam Abigail, ta saurari labarin tana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata. Sai ta yi masa bayani cewa fuska ba a dunƙule take fitowa ba. Gunduwa-gunduwa ce, wata ta sauko daga goshi, biyu su taho daga gefe, su haɗu ƙarƙashin hanci su manne. Wani lokaci gefe ɗaya ya ƙi kamawa, shi ke nan.

Wannan ya yi wa Sylvanus daɗi, ya ce ashe ɗinki ne. Ya gyara zama ya tambayi saura yaushe a gama haɗa na ɗansa.

“Oga Sylvanus, an gama tuntuni,” in ji ta. “Leɓe yana haɗuwa kafin ciki ya cika wata biyu. Lokacin matarka ba ta ma san tana da ciki ba tukuna.”

Ya waiwaya baya a ransa. Lokacin komawa makaranta ne. Daga safe har yamma yunifom yake yankawa, wanduna, riguna, siket, har yatsansa ya yi kanta. Duk doyar nan da suka ci a dunƙule a banza, duk katifun Zumunta a banza. Ya dafe kai ya ce ya kashe kansa. Madam Abigail ta ce ya bar zancen almakashi, babu ruwan almakashi, babu ruwan gorar ubansa, abin wani lokaci a jini yake, wani lokaci haka kawai. Ta ɗauka lallashinsa take yi. Shi kuwa gara masa almakashi sau dubu, don almakashi ana iya kai shi Mahuta.

Ta shafa wa Celina mai a ciki, ta ɗora na'urar. Ga ƙwallon kai, ga ɗan wuya siriri, ga kunne. Yaron ya juyo. Madam Abigail ta daina murmushi, ta matso da hoton, ta daɗe tana kallo. Sannan ta nuna da yatsa, a hankali: ɗan baƙin layi daga hancin hagu zuwa baki. Ta fara cewa yanzu ana ɗinkewa tun yaro yana jariri, za su koya wa Celina yadda za ta shayar da shi.

Celina ta riƙo hannun mijinta, farce da duka, tana jiran ya rushe da kuka. Shi kuwa ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Bai taɓa ganin irin leɓen nan a buɗe a hoto ba. Uwarsa ba ta yarda an ɗauke shi ba sai bayan ɗinki, in mai hoto ya zo gida bayan ɗaki ake tura shi har a gama. Yau ya ga abin da ake ɓoyewa, sai ya ga ashe yaro ne kawai, yana ta motsa baki.

Hawaye ya gangaro cikin gemun. Ya share da bayan hannu.

“Madam, a buga mini wannan,” ya ce. “Babba. A falo zan rataye shi.”