Fulas na Kantar Sama

A shagon kayan gida da Sanyi yake aiki, kaya iri biyu ne, na sama da na ƙasa. Na sama suna jere a kan kanta, kowanne cikin kwalinsa mai hoto, da 'yar takarda mai ruwan zinare manne a gaba. Na ƙasa kuwa tsirara suke, an zube su cikin manyan bahuna a bakin ƙofa, duk mai wucewa ya taɓa ya ajiye. Kuɗin na sama ya kusa ninka na ƙasa.

Sanyi ba sunansa na yanka ba ne. Masu dako ne suka laƙaba masa, wai ko gobara ce ta tashi a layin, sai ya gama ɗaure igiyar da ke hannunsa kafin ya ɗaga kai. Aikinsa na farko kowace safiya a sito yake, wani ɗan ɗaki a bayan shago. Zai sa reza ya farke babban kwali, ya fito da abin da ke ciki, ko fulas ne ko tukwane ko butar shayi, ya raba biyu. Rabi ya kai baho. Ɗaya rabin ya goge da tsumma, ya sa a ƙananan kwalayen da mai shago yake sayowa daban, ya manna takardar zinaren, ya jera a kanta.

Farkon zuwansa ya taɓa tambaya ko wannan ba cuta ba ce. Mai shago bai yi fushi ba, dariya ma ya yi.

“Ka taɓa jin na rantse wa wani cewa daban suke? Mutum ne yake shigowa da idonsa ya ce na sama yake so. Kuma ka lura, wanda ya sayi na sama lallaɓa shi yake yi kamar ƙwai, ya shekara biyar yana amfani. Wanda ya sayi na baho yara yake miƙa wa, wata biyu ya fashe. To wanne ya fi ƙarko?”

Sanyi ya juya maganar a ransa, ya ci gaba da goge-gogensa.

Wata rana da hantsi yana kan tsani yana gyara jeri, sai ya ji muryar da ya sani tun yana goye.

“Ina ɗan nawa yake? Ku ce masa ga tsohuwarsa ta zo.”

Goggo ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar uwarsa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana lalube da ƙafa don kada ta yi karo da baho. Yanar ido ta fara rufe mata gani, mutum sai ya matso sosai take gane fuskarsa. Sanyi ne ya raka ta asibitin ido aka ce aiki za a yi, tun daga nan take tara abin da take samu a wankau da guga, ba ta taɓa shi ko da zazzaɓi take.

Ya sauko ya durƙusa ya gaishe ta.

“Tashi, tashi. Yayarka ta sauka da asuba, namiji. Ka zama kawu, sai ka fara sauri.”

“Alhamdu lillahi! Lafiya dai ko?”

“Lafiya lau. Sun ce a kawo fulas na ruwan zafi, nawa kuma ka san shi, ruwa yake sanyayawa ba riƙewa ba.”

Mai shago ya taso daga bayan teburinsa da fara'a, ya yi barka, ya sa aka kawo mata kujera. Akwai wata mata a gefe, ma'aikaciyar jinya ce bisa ga kayan jikinta, tana juya wata tukunya ta kantar sama. Ita ma ta yi barka.

Sanyi ya nufi baho ya ɗauko fulas shuɗi, ya goge da gefen rigarsa, ya miƙa. Goggo ta shafa shi sama da ƙasa.

“Ina kwalinsa?”

“Wannan ba ya zuwa da kwali, Goggo. Amma yana da kyau.”

“Daga ina ka ɗauko? Na ji ka sunkuya.”

“Daga nan gaba.”

“Na baho?” Ta ajiye shi a cinya, ta juya wajen da take jin numfashin mai shago. “Alhaji, ka ji ɗanka. Jikana na fari, dangin uba cike da ɗaki, shi kuma na baho zai ba ni in ratsa mutane da shi. Ka ga alamar bara na zo?”

“Haba Hajiya, ai yaro ne, tausayin aljihunki yake ji,” in ji mai shago. “Kai, sauko mata da na sama.”

Sanyi ya hau tsanin a hankali, har ya fi yadda ya saba. Fulas ɗin da ya sauko da shi shuɗi ne shi ma. Da safen nan ya sa shi a kwali, har ya tuna takardar ta ɗan karkace sai da ya ɓare ya sake mannawa.

Goggo ta zare shi daga kwalin, ta kwance murfi, ta kara bakinsa a kunne. Haka tsofaffi suke gwada fulas, in yana gunji a ciki to zai riƙe zafi. Ta yi shiru tana saurare. Ta ɗauki na bahon ta kara shi ma. Ta sake komawa na farko.

“Ka ji bambanci,” ta ce. “Wannan gunji yake, wancan tsaki yake. Araha ba ta ado.”

Ma'aikaciyar jinyar ta yi dariya. Mai shago ya ce, “Kunnen manya ke nan.”

Goggo ta jawo jakarta, ta fito da wata tsohuwar safa da aka ƙulle bakinta. Sanyi ya san safar. A cikinta kuɗin aikin idon suke.

“Goggo, wannan ai na asibiti ne.”

“Ido ya jira, ba yau ya fara jira ba.” Ta fara kwance ƙullin, sai kuma ta dakata. Ta laluba ta kamo hannunsa. “Tsaya tukuna. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to nawa idon ya daina sani. Kunne kuma yakan yi wa mutum ƙarya. Kai ne idona. Dube su da kyau ka gaya mini tsakaninka da Allah, wanne ya fi?”

Mai shago yana murmushi har yanzu, amma idonsa yana kan Sanyi. Sanyi ya dubi fulas ɗin biyu a cinyarta, ya dubi safar, ya dubi yatsunta da sabulu ya cinye.

“Duk ɗaya ne, Goggo.”

“A wajen kala yake nufi,” in ji mai shago.

“Ɗaya kamar yaya?” Goggo ba ta saki hannunsa ba.

“Kwali ɗaya suka zo. Ana raba su ne a sito, wasu a kai baho, wasu a sa musu kwali.”

“Wa yake sa musu?”

Ya sunkuyar da kai. “Ni.”

Ma'aikaciyar jinyar ta kifa tukunyar da ke hannunta ta duba gindinta, ta je baho ta kifa wata ta duba. Ta ajiye duka biyun a kan teburin mai shago, gefe da gefe, ta fita.

Goggo ta saki hannun Sanyi. Ta mayar da na saman cikin kwalinsa, ta rufe da kyau kamar abin aro, ta miƙa wa iska har sai da mai shago ya karɓa. Ta biya kuɗin na bahon ba tare da ta nemi ragi ba, ita da ko allura ba ta saya sai ta taya.

“Hajiya, kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa,” in ji mai shago. “Kasuwa ce.”

“Ban ce maka komai ba, Alhaji. Ba kai na goya ba.”

Mai shago ya juya ga Sanyi, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Raka ta. In ka kai ta ka wuce gida ka huta. Ni zan neme ka.” Duk wanda ya yi aikin shago ya san abin da wannan maganar take nufi.

Suka fito titi. Rana ta ɗaga, masu babur suna ta hon. Sanyi ya rungume fulas ɗin ba ko leda, Goggo tana gaba tana bin gefen kwata a hankali. Sun wuce shago kusan goma kafin ta yi magana.

“Tukunyar da matar direba ta gidanmu ta saya fa?”

“Ita ma.”

“Butar Maman 'Yan Biyu?”

“Ita ma, Goggo.”

“Fulas ɗin matar tela? Wanda ta fasa asusunta ta saya?”

Ta tsaya cak a gaban wani mai faci, ta juyo.

“Ka san me nake ce musu? In ji mace za ta kasuwa sai in ce, je ki wurin ɗana, ki ce ni na aiko ki, ki sayi na sama, shi ba ya cutar mutum. Gida-gida nake bi kamar an ɗauke ni talla. Su zo su gaishe ka, ka hau tsani ka sauko musu da shi, ka ce su gaida Goggo.”

“Ban taɓa ce musu ya fi ba.”

“Au, bakin maigidanka ka aro?”

Sanyi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mai facin ya daina buga tayarsa yana kallonsu.

“Da ba ni ba ce yau, da safar nan ba ta fito ba, za ka faɗa?”

“Ban sani ba, Goggo. Ina jin ba zan faɗa ba.”

Ta gyaɗa kai. “To, ko ba komai wannan gaskiya ce.”

A asibiti bai iya shiga ɗakin masu jego ba, ya tsaya a baranda. Ta taga yana jin dangin mijin Yaya suna hira. Wata ta ce, “Fulas ɗin ba kwali?” Goggo ta ce, “Ruwa za a zuba, ba kwali za a sha ba.” Aka yi dariya. An miƙo masa jaririn ta ƙofa ya riƙe kaɗan, ya yi masa addu'a, ya mayar.

Da la'asar suka kamo hanyar gida. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida, a nan Sanyi ya girma. Suna shiga zaure ya ce zai juya.

“Ina za ka? Ai ba ka gama aiki ba.”

“Wane aiki, Goggo?”

“Ni na aike su, kai ka sayar musu. Nawa laifin zan ɗauka, zan tsaya a bayanka. Amma bakin da zai faɗa naka ne.”

“Ba ni da abin da zan mayar musu.”

“Ba wanda ya ce ka mayar. Gobe ma za su koma shagon, su sake miƙa hannu sama da sunana. Shi ne ba na so.”

Ya dubi ƙofofin. Labule a kowacce, takalma a gaba, kowane ɗaki ya taɓa cin abinci a cikinsa yana yaro. Ta farko ta matar tela ce. Goggo ta tura shi da yatsa a gadon baya. Ya yi sallama da muryar da shi kansa da ƙyar ya ji.

Matar tela ta ɗaga labule, fuskarta ta washe.

“A'a! Ɗan Goggo, mai kaya na gari! Yau kai ne a gidan? An ce an samu ƙaruwa, barka, barka. Shigo, yanzu na haɗa shayi, yana nan da zafinsa a fulas ɗinka. Ni dai wannan fulas, ko yarana ban bari su taɓa.”

Ta juya za ta ɗauko kofi. Sanyi ya cire takalmansa, ya durƙusa a bakin ƙofa, bai shiga ba.

“Inna, ki bar shayin tukuna,” ya ce. “Wata magana na zo da ita.”