Dariya a Tsakiyar Faifai

Duk Asabar da yamma, Injiniya yakan ture tsofaffin rediyoyin da ke kan teburinsa gefe guda, ya goge wurin da tsumma, ya ɗora garmaho. Ba injiniyan gaske ba ne, mai gyaran rediyo ne, amma shekara arba'in ke nan kowa na kiransa haka, har matarsa. Abokan zamansa biyu ne: Tela, wanda shagonsa ke kallon nasa, da Malam, wanda ya koyar da lissafi har ya yi ritaya. Kiɗan jaz ne ya haɗa su, gardama a kansa kuma ita ta hana su rabuwa.

Faifan da ya fi cinye musu lokaci ba shi da suna. Injiniya ya tsince shi ne a cikin murfin wani garmaho da ya saya a hannun 'yan gwangwan. Takardar tsakiyarsa fara ce, an yi rubutu a kai amma ruwa ya wanke shi. Minti uku ne da ɗan ɗoriya: fiyano, ganga, da wani ƙaho mai daɗin da Tela ke cewa yana mantar da shi ciwon baya.

Abu biyu ne suka hana su sakat. Na farko, ƙahon yana fitowa daga nesa, kamar mai busa shi ba ya cikin ɗakin. Na biyu, a tsakiyar kiɗan fiyano yakan yi tsit, ganga ta ci gaba ita kaɗai, sai a ji wata mace ta tuntsire da dariya, sannan kowa ya dawo.

"Na faɗa muku, wannan faifan tsohon gaske ne, kuma daga ƙetare ya zo," in ji Malam wata Asabar, yana ƙwanƙwasa tebur da biro. "A zamanin farko babu makirufo. A gaban wani ƙaton mazurari ake yin kiɗa, ƙarar ce da kanta ke girgiza allura ta zana faifan. Mai ƙaho kuwa sai a tura shi can ƙuryar ɗaki, don kada ƙarfinsa ya sa allurar ta yi tsalle. Shi ya sa kuke jin sa nesa."

"Haba Malam," Injiniya ya ce. "Saurari gangar nan fa. Mazurari ba ya ɗaukar kaurin amon ganga haka. Da lantarki aka ɗauke shi, makirufo ɗaya tal. Ni da kunnena nake cin abinci."

"To shirun fa?" Tela ya tambaya, don ya san inda zai tsokano Malam.

Malam ya gyara zama. A kan wannan shirun fiyano ya cika shafi huɗu na littafin rubutu. A ganinsa da gangan makaɗin ya ɗaga hannu, don ya nuna cewa abin da ba a kaɗa ba shi ma kiɗa ne, matar kuma mamakin gwanintarsa ne ya sa ta dariya. Ya buɗe littafin zai karanta musu a karo na ba adadi, sai aka yi sallama a bakin ƙofa.

Yayar Tela ce. Ta haura tamanin, tana zaune a gidansa tun bayan rasuwar mijinta, kuma har yau kallon ɗan goye take yi masa duk da furfurarsa.

"Auta, ka sake barin maganinka a kan taga," ta ce, tana miƙa masa kwalbar. "In hawan jinin ya kayar da kai, waɗannan biyun ne za su ɗaga ka? Su da kansu neman mai ɗaga su suke."

Injiniya ya yi dariya ya jawo mata kujera. "Zauna ki huta, Yaya. Bari in rage ƙarar."

Amma ba ta zauna ba. Ta tsaya da hannu ɗaya a kan bayan kujerar, ta karkata kai wajen garmahon. Fiyano ya yi tsit, ganga ta ci gaba, matar nan ta yi dariyarta.

"Mayar da allurar baya," in ji Yaya.

Injiniya ya mayar. Da dariyar ta sake fitowa, sai Yaya ta fashe da irinta sak, ta cikin faifan da ta cikin shagon suka hau kan juna. Ta zauna daɓas tana share hawaye da gefen mayafi.

"Yaya, lafiya?" Tela ya ce.

"Ni ce, Auta. Wallahi ni ce."

Malam ya rufe littafinsa a hankali.

Ta ba su labari. Tana da shekara goma sha tara take aikin haɗa waya a gidan rediyo, kafin ta yi aure. Wata Lahadi da rana wasu samari uku da ke kiɗa a otal ɗin kusa da tashar jirgin ƙasa suka lallaɓi mai kula da na'ura ya naɗa musu kiɗansu a faifai guda, don su ji yadda kiɗansu yake a kunnen wani. Ɗakin ɗaukar murya kuwa ɗan tsukuku ne. Da aka tura fiyano ciki aka jera ganguna, sai ya zama babu inda mutum na uku zai tsaya.

"Shi ne aka fitar da Kumatu baranda," ta ce. "Haka muke kiran mai ƙahon, don in yana busa kumatunsa kamar ya cusa lemo biyu. Ƙofar kuma mai rufe kanta ce, sai aka ce in zo in tokare ta da ƙafa. Minti uku ina tsaye da ƙafa ɗaya a ƙofa."

"Makirufo nawa ne?" Injiniya ya tambaya.

"Ɗaya, a rataye daga silin."

Injiniya ya miƙe ya zagaya teburinsa sau biyu yana tafa hannu.

Malam ya yi gyaran murya. "To Yaya, shi mai fiyanon, da ya ɗaga hannu ya yi shiru, me kika gani a fuskarsa?"

"Fuskarsa? Ai ƙafafunsa na gani a sama. Ƙafar kujerar ce ta karye, ya tafi da baya. Mai ganga ya ƙi tsayawa don faifai ɗaya ne kawai aka ba su. Shi kuma ya rarrafo ya ƙarasa kiɗan a durƙushe."

Tela ya yi dariya har sai da ya riƙe bayansa. Malam ya dubi littafinsa, ya dubi Yaya, sannan shi ma ya fashe da dariya, kafaɗunsa na girgiza.

"Shafi huɗu," ya ce. "Shafi huɗu na rubuta a kan ƙafar kujera."

Da dariya ta lafa, Yaya ta ƙara da cewa mai fiyano da mai ganga sun daɗe da rasuwa, amma Kumatu yana nan. Watan jiya ma ta gan shi a layin asibitin ido, yana zaune wajen 'yarsa a bayan tsohuwar masana'antar sabulu.

Asabar ta gaba ba a buɗe zama a shago ba. Injiniya ya naɗe garmaho a bargo, Malam ya rungume faifan a ƙirji kamar jariri, suka shiga tasi su huɗu, Yaya a gaba tana nuna wa direba hanya tana kuma yi masa faɗan gudu.

'Yar Kumatu, ma'aikaciyar jinya ce mai kimanin shekara hamsin, ta shigar da su falo. Tsohon yana kan kujera kusa da taga, sanda a tsakanin gwiwoyinsa, kumatun nan sun zube sun zama fata. Ya ƙura wa Yaya ido ta cikin tabarau mai kauri.

"Mai waya?" ya ce. "Ke ce kika tsufa haka?"

"Kai kuma yaro ka koma, ko?"

Injiniya ya haɗa garmaho a kan ƙaramin tebur, ya matsar da shi ta ɓangaren kunnen da 'yar ta ce yana ji, ya sauke allura. Da ƙahon ya shigo, tsohon bai motsa ba. Can sai yatsunsa uku na dama suka fara hawa da sauka a kan sandar, daidai da kowane sauti, ba su kuskure ko ɗaya ba.

'Yar ta tsaya da tiren shayi a hannu. "Baba, kai ne wannan?"

"Ni ne mana."

"Ka ce mini kana ɗan taɓa busa. Ba ka taɓa cewa haka kake yi ba."

"Da na faɗa za ki yarda? Faifan ya ɓace tun kafin a haife ki. Mai ganga ya ara ya kai wa wata yarinya da yake so ta ji, daga nan ba mu sake ganin faifan ba. Yarinyar ma wani ta aura."

Ta ajiye tiren, ta zauna a hannun kujerarsa, ta ce a sake sawa. Wannan karon ta ɗauko wayarta ta riƙe kusa da garmahon tana naɗar kiɗan, ta ce za ta tura wa ƙannenta duka kafin su yi musu.

Malam, wanda ya zo da sabon littafi, ya matso da kujerarsa. "Baba, akwai wani wuri kusa da ƙarshe da ka ja sauti ɗaya ya yi tsawo sosai. Ina so in san dalili, amma yanzu tsoron yin hasashe nake."

Tsohon ya yi murmushi, ya nuna shi da sanda. "Wannan kam da gangan ne. Wata uku ina koyon sa a bayan tasha, har masu gadi suka fara jifana. Rubuta."

Malam ya rubuta, yana waiwayen Injiniya don ya tabbatar ya ji.

Suka sa faifan sau bakwai a ranar. A na ƙarshe Kumatu ya ce wa 'yarsa ta duba ƙarƙashin gadonsa, akwai wani baƙin akwati. Ta ɗauko masa, ya buɗe. Ƙahon yana ciki, ya yi tsatsa, maɓallansa biyu sun ƙame. Ya miƙa wa Injiniya.

"An ce kai mai gyara ne."

"Na rediyo, Baba."

"Ƙarfe ƙarfe ne. Ka sa masa mai. Ba ni da numfashin busa shi, amma jikata tana ta damuna in koya mata."

Injiniya ya karɓa da hannu biyu, ya ce a ba shi mako guda. Yaya ta miƙe ta ce su tashi haka nan, lokacin shan maganin Auta ya yi.