Namadi Bai Kwanta Ba

"Sake ni, Hayatu! In ka riƙe ni, kyautar ta ɓaci."

Na sake shi. Ya yi tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, ya dafa gwiwa, ya miƙe. Muka ci gaba da gangarawa bakin gulbi, shi gaba, ni da Liman baya, Marka matar Namadi can nesa da buta a hannu.

Namadi maƙwabcina ne a Bukkuyum, katanga ɗaya ta raba mu. Tun damina yake tari, shekarar da aka yi canjin kuɗi. Shi da Marka sun tsufa tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Dukiyarsa ba ta wuce gidan da lambun albasa ba, kuma kowa ya san rabin ruwan da lambun nan ya sha Marka ta ja shi. Ƙanensa Surajo yana Gummi yana sayar da yadi.

Liman ne ya faɗa wa Namadi gaskiya. In ya mutu, rubu'i ne na Marka, kashi ɗaya cikin huɗu, sauran na Surajo. Wasiyya ba ta halatta ga magaji. Kyauta kuwa tana yiwuwa, amma ba daga wanda ciwon ajali ya kwantar ba, kuma sai ta karɓa ta riƙe.

"To ni wa ya ce na kwanta?" in ji Namadi.

Shi ya kai mu lambu. Ya kama jigo ya ja guga, ruwan rabi a kan shuka rabi a ƙafarsa. Ya juya ya yi tari cikin hannun riga. Na ga abin da ya fito. Ya ga na gani.

"Ku shaida, na ba Marka lambun ga, kyauta, daga tsamiya har bakin ruwa. Karɓi, ke!"

"Malam, mu koma gida, ka ji?"

"Karɓi fartanya tukun."

Ta karɓa, ta sari ƙasa, tana kuka.

A hanya na ce masa, "Kai dai ka sani, ni ba ni yi maka ƙarya gaban alƙali."

"Don haka na kira ka, mai taurin kai. Abin da ka gani shi za ka faɗi."

Daga ranar Namadi ya hana kansa shimfiɗa muddin da rana a sama. Da hantsi yana kan dakalin ƙofar gidansa, baya jingine da bango, takalmi a ƙafa. Duk wanda ya wuce sai ya tare shi da gaisuwa, har mutane suka fara canza hanya. Juma'a yana sahu. Ran kasuwa ya je ya yi cinikin akuyar da ba shi da niyyar saye. Marka ta riƙa kai da kawo tsakanin lambu da zaure, ta kasa zama nan, ta kasa zama can.

"Hayatu, ka yi mai magana," ta ce mani. "Mi zan yi da albasa? Ya kwanta ya huta."

Na yi masa. Ya ce in je in kwanta ni, tunda ina sha'awa.

Surajo ya ji labari ya zo dubiya. Ya tarar da mara lafiya yana gyaran danga. Da zai koma, Namadi ya ɗauki kwandon albasar tsaraba a ka, ya raka shi har tasha. Da ya dawo, sai da na tsaya kusa da shi ya ɓuya a bayana ya yi numfashi.

Ana gab da cire albasa, wata la'asar, na fito na ce, "Namadi, an kira salla." Yana zaune yadda ya saba, hula daidai, ido a kan hanya. Ƙuda ya sauka a leɓensa bai kore ba.

Bayan Marka ta fita takaba Surajo ya kai magana kotu. Ban ga laifinsa ba, haƙƙinsa yake nema. Ya ce yayansa na cikin ciwon ajali lokacin kyautar.

Alƙali ya dube ni. "Lafiyarsa lau ranar?"

"Allah gafarta Malam, ni ba likita ba ne. Da ƙafarsa ya je, da ƙafarsa ya dawo."

"Ka riƙe shi?"

"Na taɓa shi, ya zage ni."

"Yana tari?"

"Yana yi."

"Da jini?"

Na ji Marka ta motsa a bayana.

"Da jini," na ce.

Alƙali ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin mamacin a kwance. Liman ya ce bai gani ba. Mai unguwa ya ce shi dai gaisuwarsa ta ishe shi. Alƙali ya juya wajen Surajo.

"Kai da ka zo dubiya, a ina ka same shi?"

"Yana gyaran danga."

"A ina kuka rabu?"

Surajo ya sunkuya. "A tasha. Shi ya ɗaukar mani kaya." Ya ƙara da cewa, "Na ce ya kawo, ya hana. Ashe..." Bai ƙarasa ba.

Alƙali ya tabbatar da kyautar. Gidan aka raba bisa ƙa'ida, ɗakinta da zaure suka faɗa cikin rubu'inta, kuma Surajo bai sa katanga ba har yau.

Da rani ya zagayo, kafin ruwa ya sauka, Marka ta sa aka yi wa bangon waje yaɓe. Da magini ya iso kan dakali sai ta leƙo daga zaure.

"Tsallake nan."

Wurin yana nan, baƙi-baƙi, ya yi sulɓi, daidai faɗin bayan mutum.