Huffi a Kan Takalmin Asibiti

Maigidana sunansa Tukur, Allah ya jiƙansa, amma duk zaman da muka yi ban taɓa kama sunan a bakina ba. Malam nake ce masa. Manomin rake ne a Ɗandamisa ta ƙasar Maƙarfi, kuma da rani yana dafa mazarƙwaila a fadamarsa.

Ciwon da tsayuwa ya fara. Mutumin da yake zuwa fadama ya dawo bai zauna ba, sai ga shi in ya fita masallaci yana tsayawa a hanya, ya dafa katangar mutane kamar mai tuna wani abu. In ya huta ya ci gaba. Takunsa ya gajarce, ƙafar hagu ba ta ɗagowa sosai, jan ta yake yi. Ya ce sharaɓarsa ce ke ɗaurewa kamar an murɗa ta da igiya. Da na taɓa ƙafar na ji ta da sanyi, gashin ƙwaurin duk ya zube, fatar tana ƙyalli.

Autanmu Muhsin, mai acaɓa a Ikara, shi ya matsa har muka je wani asibiti a Zariya. Can suka ce hanyoyin jinin ƙafar sun tsuke. Wata likita mai fara'a ta yi mana bayani yadda zan gane. Ta ce sharaɓa ce ke tura mutum gaba duk lokacin da ya ɗaga diddige, aikin nan kuwa jini yake ci, in jinin bai iso ba sai naman ya ɗaure. Suka auna shi suka ba shi wani abu na roba mai tauri, ya taso daga ƙarƙashin tafin ƙafa, ya bi bayan diddige, ya hau har kusa da gwiwa, da maɗaurai a gaba. In ya taka sai ya ɗan lanƙwasa, in zai ɗaga ƙafa sai ya tura shi, sharaɓar ta samu sauƙi. Mu takalmin asibiti muke ce masa.

Da za mu tafi ta daina murmushi. Ta ce, "Mama, ke nake gaya wa. Kullum a cire shi, ki duba ƙafar, har tsakanin yatsu. Ƙafar da ba jini ba ta jin ciwo da wuri, kuma ƙaramin rauni ba ya warkewa. In ya ruɓe, sai dai a yanke."

Tun daga ranar kalmar nan ta zauna min a ƙirji.

Takalmin ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Malam ya koma sa diddige a ƙasa kafin yatsu kamar kowa, ya je masallaci ya dawo bai dafa katangar kowa ba. Wahalarsa ɗaya, bayansa ba ya barinsa ya sunkuya ya ɗaura. Ni nake durƙusawa in kwance masa in zai yi alwala, in goge ƙafar ta bushe, in sa masa safa, in mayar. Duk damina haka muka yi, ƙafa lafiya lau.

Sai rake ya nuna. Lokacin mazarƙwaila maza ba sa zaman gida. Suna can fadama wurin injin matsa rake da manyan kasaken dahuwa, a bukka suke kwana, sai Juma'a suke shigowa gari. Na ce wa Malam ya bar wa yara aikin bana. Ya ce yara ba su san lokacin da ruwan rake ke kamawa ba, sai su ƙona masa shekara guda.

"To wa zai riƙa cire maka in za ka yi alwala?"

"Allah na nan."

Na san Malam. Ba zai taɓa miƙa wa ƙato ɗan uwansa ƙafa ya durƙusa a gabansa ba, ko da ɗan aikinsa ne.

Juma'ar farko ya shigo yana dariya, amininsa Usmanu na biye da shi. Tun suna yara suke tsokanar juna. Na leƙo zaure in gaishe su, sai na ga ƙafar hagun Malam ta zama ƙatuwa, an rufe ta da jar fata har sama da idon sawu. Ɗayar ma da irinta, ƙarama.

"Suwaiba, zo ki ga angonki," in ji Usmanu. "Ƙafa ɗaya ta mutum, ɗaya ta giwa."

"Giwar ta fi ka sauri dai," in ji Malam.

"Malam, mene ne wannan?"

"Huffi ne. Ba ki san huffi ba? Wannan tsohon banzan ne ya kawo dabara, karo na farko da ya taɓa yin amfani a rayuwarsa. Baduku ya ɗinka min a kasuwar Maƙarfi, daidai yadda zai hau kan takalmin. In na yi alwala na sa, shi ke nan, sai dai in riƙa shafa a kai. Ba sai an cire ba."

"Har yaushe?"

"Juma'a zuwa Juma'a, in zan yi wanka. Haka iyayenmu suka yi."

Na ce iyayenmu ƙafarsu da jini. Na ce likita ta ce kullum. Usmanu ya ce likita ba ta san fadama ba, kuma wanda zai yi salla sau biyar ba zai zauna yana kwance igiya kamar mai sauke jaki ba. Suka yi dariya. Ba wanda ya je ya tambayi liman. Daga baya da ya ji, ya ce da sun zo da ya gaya musu addini bai hana mara lafiya bin maganar likita ba.

Ranar Juma'ar nan na cire na duba. Akwai ɗan ja a ƙashin idon sawu, inda robar ke gogawa. Na nuna masa, ya ce cizon sauro ma ya fi wannan. Na shafa man kaɗanya, na canza safa, na ɗaura. Asabar da sassafe ya koma.

Makon nan ban san me na ci ba. Ina tankaɗe ina ganin jan nan. Na kira shi a waya, ya ce in bar shi ya yi aiki, ƙafa ba ta ce masa komai ba. Abin da ya fi tsorata ni ke nan, don an riga an gaya min ba za ta ce ba. Wata maƙwabciyarmu da ta kai wa mijinta abinci ta ce ta ga Malam da asuba ya miƙa ƙafar bakin murhun dahuwa, wai sanyi take ji. Na ce roba ce fa a ciki. Ta ce ai da fata a kai.

Juma'ar da ta biyo bai zo gida ba. Injin ya lalace a tsakiyar mako, rake yankakke yana bushewa, sai ya yi sallar a wani ƙauye kusa da fadama ya koma. Na ɗauki mayafi na tafi da ƙafata. Na same shi tsaye kan kasko yana juya ruwan rake, maza kewaye da shi.

"Me ya fito da ke?"

"Ƙafar na zo gani."

"A nan? Gaban mutane?" Ya rage murya. "Suwaiba, kada ki mai da ni abin dariya. Ki koma, jibi ina tafe."

Ƙamshin mazarƙwaila ya cika wurin, amma da na matsa kusa da shi na ji wani abu a ƙarƙashin ƙamshin. Kaɗan ne, kamar naman da ya kwana a rufe. Na kuma ga tafiyarsa ta canza. Ba ya sa diddigen, gefen ƙafar yake takawa, shi bai ma sani ba. Na roƙe shi mu shiga bukka. Ya juya min baya ya ci gaba da juyi.

Ba jibin ya zo ba, sai da aka ƙara kwanaki. Da hantsi Usmanu ya kawo shi a bayan mashin, jikinsa zafi zau, yana cewa zazzaɓin sauro ne. Yau Usmanu ba tsokana. Muka kwantar da shi a tabarma. Huffin ya ƙi fita, ƙafar ta kumbura ta cika shi, sai da na sa reza na farke ɗinkin. Da na kwance maɗauran warin ya taso, Usmanu ya fita waje da sauri. Safar ta manne da nama. Idon sawun ya zama rami, diddigen ya yi baƙi kamar gindin tukunya, yatsu biyu sun bushe.

Malam ya ɗago kai ya duba. Ya daɗe yana kallo.

"Ban ji komai ba," ya ce. "Wallahi, Suwaiba, ban ji komai ba."

Muhsin ya zo da mota daga Ikara muka koma Zariya. Suka ce a yanke daga ƙasan gwiwa, yau ba gobe ba. Malam ya ce a'a. Ya ce a wanke, a sa magani, a ba shi allura ko nawa ce. Muhsin ya durƙusa a gaban gadon yana kuka, yana cewa, "Baba, ka yi wa Allah." Likitar nan mai fara'a ta zo ta zauna ta yi masa magana a hankali, ba ta ce mana ai na gaya muku ba. Ya ce manomi da ƙafa ɗaya me zai yi a fadama.

Ni zama na yi ina kallon baƙin. Na sa ido a kan wani tsohon tabo da ke ƙwaurinsa, na lauje. Da safe baƙin yana ƙasa da tabon. Da la'asar ya taɓa shi. Washegari ya wuce. Na kama hannunsa na ɗora a wurin na ce, "Malam, jiya nan yake, yau ga shi nan. Ni ba na son ƙafa, kai nake so." Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ya rufe ido ya ce a kira likitocin.

A lokacin sai sama da gwiwa suka yanke, kuma suka ce dafin ya riga ya shiga jini. Aka ba Muhsin ƙafar a naɗe. Ya sayi farin yadi, shi da Usmanu suka kai ta wata maƙabarta a Zariya suka rufe. Da Malam ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya ke nan.

"An sa mata likkafani?"

"An sa, Baba."

"To madalla."

Zazzaɓin bai sauka ba. Ya riƙa kiran sunayen 'yan aikinsa yana cewa a rage wuta. Ranar Laraba bayan azahar ya cika, kansa a kan cinyata. A Ɗandamisa aka rufe shi, kusa da mahaifinsa.

Har yanzu ban san inda ƙafar take ba. Muhsin ya ce ya sa dutse a wurin don kada ya ɓace masa, kuma in na fita takaba zai kai ni in tsaya daga bakin katanga ya nuna min.