Allurar Geji Ta Ƙi Tashi

Kwana tara tsohon ya yi a kan injin bas ɗin surukinsa. Shi ya kwance, shi ya wanke, shi ya haɗa. Bai bar kowa ya sa hannu ba, har da babban ɗansa, wanda ya shekara ashirin a garejin, furfura ma ta fara keto masa a gemu. Motar mijin 'yarsa ce, da ita ake ci a gidan. Shekara arba'in da shida yana wannan sana'a, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Duk layin an sani, don shi da bakinsa yake faɗa.

Rana ta goma da hantsi aka zuba baƙin mai. Surukin ya haye kujerar direba da makulli a hannu.

"Baba, in tayar?"

"Sauko."

Ya sauko.

Tsohon ya zare fiyus ɗin famfon fetur. Ya cire wayar kwayil. Ya kwance fulogi huɗu ya jera a kan benci. Dokarsa ke nan. Injin da aka haɗa sabo a bushe yake a ciki. In ya samu wuta da fetur zai tashi da gudu, ƙarfe ya ci ƙarfe kafin mai ya iso. Don haka a hana shi duka biyun, a juya shi da kik kawai, wato murɗa makulli, har allurar gejin auna mai ta ɗaga, ta nuna mai ya zaga ko'ina. Sannan a tayar.

Mai wayarin da ke rumfar gefe, abokinsa tun suna samari, ya leƙo yana kaɗa kai.

"Kai da ƙa'ida. Mota ta warke, ka hana ta abinci."

"Wanda ya ƙona motar mutane uku ba ya magana a nan."

"Biyu ne. Ta ukun da ma tana da niyya."

Ɗan ya ɗaura gejin a jikin injin, ya tsuguna yana kallo. Tsohon ya ce wa surukin, "Yanzu hau. Murɗa, kada ka saki sai na ce."

Injin ya juya fayau, ba nauyi. Tsohon ya ƙirga goma a ransa.

"Tsaya. Nawa?"

"Ba ta motsa ba, Baba," in ji ɗan.

Aka bar kik ya huce, aka sake. Aka kuma sakewa. A aikinsa, a juyi na biyu allura take ɗagawa. Yau an yi huɗu tana kwance kamar an manna ta.

"Gejin ne ya mutu," in ji tsohon.

Mai wayarin ya kawo nasa. Aka ɗaura, aka murɗa. Shiru.

Tsohon ya kwance filta da hannunsa, ya sa aka juya injin yana kallon ramin. Ko ɗigo bai fito ba. Ya zura yatsa, ya fito da shi a bushe. Ya daɗe yana duban yatsan. Sannan ya juya kan ɗansa.

"Wa ya sayo famfon mai?"

"Ni ne, Baba. A kwalinsa na kawo maka."

"Jabu aka ba ka. Shekara ashirin, da gemunka, ba ka san jabu ba."

Ya faɗi haka a gaban suruki, a gaban maƙwabci. Ɗan ya sunkuyar da kai.

Aka tsiyaye man a bokiti. Tsohon ya ɗauki fitila da sifana ya sauka ramin da ke ƙarƙashin motar, shi kaɗai. Ya kwance kwanon da mai ke taruwa a gindin injin, ya ajiye a gefe. Ya ɗaga fitila.

A nan bututun da famfo ke zuƙo mai yake, da ragarsa a baki. Bakin a naɗe yake da leda. An ɗaure ta tam da siririyar waya, murɗa uku, an lanƙwashe kan. Ɗaurinsa ne. Shi ya sa ta ranar da injin ya wuni a buɗe, don kada ƙura ta shiga.

Ya dafa bangon ramin.

Ya tuna ranar da ya rufe kwanon. Ya tuna notin nan sha takwas, da yadda ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Har ciwon da wuyansa ya yi ya tuna. Ledar ce babu ita a kansa. Ga ta fara, faɗin tafin hannu, dab da hancinsa, kuma ido buɗe ya kifa kwano a kanta. Da an tayar da injin nan, kafin motar ta kai bakin titi metal, ƙarfen da injin ke juyawa a kai, ya narke, aikin kwana tara ya koma tarkace.

Ya warware wayar. Ledar ta shige tafinsa, ya dunƙule. Ba wanda yake ganinsa. Ƙafafu kawai yake hangowa daga sama.

"Baba," muryar ɗan ce, a hankali. "In shigo in kwance famfon? Yau ɗin nan zan mayar wa mai shagon. Ba zan bar shi ba."

Tsohon ya dubi hannunsa. Aljihu na nan. In ya sa ledar a ciki, a canza famfo, allura za ta tashi, kowa ya ce Baba ya gano. Ɗan ya je ya yi rigima da mai shagon da bai yi laifi ba, ya dawo ya ci gaba da zama wanda bai san jabu ba. Mota kuma ta fita da sauran abin da hannun nan ya ɗaure, da jikokinsa a kujerar baya.

Ya hau matakalar ramin. Ya je benci, ya buɗe hannu, ya ajiye ledar da wayar kusa da fulogi.

"A bakin bututu take."

Suka matso. Mai wayarin ya dubi murɗin wayar, ya dubi abokinsa. Surukin ya kafa ido a ƙasa, kamar shi aka kama. Ɗan kuwa ya kasa ɗauke ido daga ledar.

"Baba, ko wani ne ya..."

"Wa ya taɓa injin nan in ba ni ba?"



"Famfonka lafiyarsa ƙalau," ya ce wa ɗan, bai dube shi ba. "Jawo ƙugiya. Za a sauke injin."

"Ai an ga matsalar, Baba," in ji surukin. "A rufe kawai mana."

"An ga guda. Wanda ya manta wannan, me zai hana ya manta wata? Ka ƙara kwana uku. Ka gaya wa matarka ni na ce."

Ya miƙa wa ɗansa sifanar. Ɗan ya tsaya, hannu a baya.

"Karɓi. Kai za ka kwance. Duk notin da na ɗaure ka bi shi, ka auna. In ka ga wani abu ka faɗa da ƙarfi, ko wa ke wurin."

Ɗan ya karɓa da hannu biyu. Ya sauka ramin. Tsohon ya bi bayansa, ya tsaya a gefe, ya ɗaga masa fitila.