Gwangwani Mai Shuɗin Zare

Kwanon ya daki bangon banɗaki, murfinsa ya yi nasa wuri, shinkafa da kifi suka watse a tsakar gida. Kuku ta tsaya da hannu a miƙe kamar har yanzu tana riƙe da shi.

"Na ce miki kada ki sake dafa masa komai!" in ji 'yar Direba. "Bai ishe ki ba? Kin kwantar da shi a asibiti, yanzu kuma so kike ki ƙarasa shi?"

Gidan haya ne mai ɗaki tara, kuma duk ƙofofin nan tara sai da aka leƙo. Matar mai walda ta fito da kumfar wanki har gwiwar hannu. Mai gidan kansa, wanda ko famfo ya fashe ba ya saukowa, yau ga shi a kan matakala ya baza kunne.

"'Yar nan, ni kike fizge wa kwano?"

"Ke fa! A gabanki likita ya faɗa. Abin da kike barbaɗa masa a abinci ne ya taru a jininsa. Wa ya aike ki? Ke likita ce?"

Amsar tana kan harshen Kuku, amma ta san baki kawai ba zai wanke ta a gaban waɗannan mutane ba. Ta juya ta shige ɗaki, ta bugo ƙofa har ƙusar labule ta faɗi.

Shekara talatin ta yi tana dafa wa 'yan makarantar kwana abinci, shi ya sa sunan Kuku ya biyo ta har gidan haya. Direba kuwa ɗakinsa na jikin nata. Tsohon direban bas ne, matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa guda tana aikin ofis a wani gari mai nisa, sau biyu take leƙo shi a shekara. Da hawan jini ya kama shi aka hana shi gishiri da mai, sai ya koma dafa shinkafa tsura yana turawa da ruwa. Ya rame har sai da ya ƙara wa bel ɗinsa huji biyu. Kuku ba ta iya kallon mutum yana cin abinci kamar mai haɗiyar magani, don haka ta karɓe masa tukunya ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Nan ta shiga gwaje-gwaje. Yau ta gasa tafarnuwa ta dake a miya, gobe ta turara kifi da citta da lemun tsami, jibi ta soya albasa da ɗigon mai har ta yi zaƙi. Shi kuma yana zaune a bakin ƙofa yana yanke hukunci.

"Wannan ya ci jarrabawa," ya kan ce. Ko kuma, "Wannan ki kai wa kaji, su ma sai kin roƙe su."

"Ka ci ko ka bari, tsoho mai baƙin baki."

Hannun da ya saba da sitiyari ba ya son zama haka nan. Sai Direba ya ɓullo da tasa sana'ar. Ya riƙa tara gwangwanayen madara, ya shafa musu gam, ya naɗe su da zaren saƙa layi bisa layi, ya ba Kuku ta zuba kayan ƙamshi. Ja na barkono ne, rawaya na citta, kore na busasshen ganye. Na farko-farkon duk a karkace suke, amma daga baya hannunsa ya faɗa, har matan gidan suka fara kawo nasu.

Wata takwas da suka wuce 'yarsa ta aiko masa da kwali: na'urar awon jini, silifas, ganyen shayi, da wani gwangwani na abin da ake kira gishirin masu hawan jini. A jikinsa ta manna 'yar takarda da rubutun hannunta: "Baba, wannan za ka riƙa ci maimakon gishiri." Kuku na wurin aka buɗe kwalin. Direba ya karanta takardar ya fi sau biyar, sannan ya ɗauko shuɗin zaren da yake ji da shi, ya naɗe gwangwanin kaf har da takardar, wai don kada rubutun ya goge. Ya miƙa mata ya ce ta riƙa sa masa.

Bayan wata biyu aka ce ƙodarsa ma ta taɓu. Aka sake ja masa kunne a kan gishiri, ba a ce komai a kan wani abu ba. Kuku ta ce ai shi ke nan, wannan ba gishiri ba ne, ta ci gaba da barbaɗawa hannu sake. Sai shekaranjiya, da ya yanke jiki ya faɗi aka kai shi asibiti, likita ya tambayi abin da yake ci. Ita da bakinta ta ba da amsa, har da alfahari. Likitan ya cire tabarau ya ce mai ciwon ƙoda ba ya cin wannan, sinadarin cikinsa taruwa yake a jini ya dami zuciya, kuma yawanci ana rubuta gargaɗin a jikin gwangwanin. 'Yar Direba, wadda saukarta daga mota ke nan, ta juyo ta dubi Kuku. Tun daga lokacin ba ta sake ce mata Inna ba.

Yanzu Kuku ta ɗauko gwangwanin daga kan kanta, ta jefa a jaka tare da sabuwar reza. Zare ne kawai tsakaninta da wanke kanta. Za ta yanke shi a gaban yarinyar, ta sa ta karanta rubutunta da ƙarfi. Yarinyar da ba ta san ranar da ubanta ya kwana da yunwa ba, ita ce yau za ta zubar mata da girki a ƙasa? Har ta isa asibiti tana magana ita kaɗai, mutanen cikin mota suna satar kallonta.

Lokacin ziyarar yamma ne. Gadon Direba na kusa da taga, an ɗaura masa ƙarin ruwa, fuskarsa ta kumbura. Kujerar gefensa babu kowa, wai 'yar ta tafi karɓo magani.

"Kuku," ya ce a hankali. "Yau ma abincin kaji kika kawo?"

"Karatu na kawo wa 'yarka." Ta fito da gwangwanin ta dangwarar a kan zanen gado.

Ya daɗe yana kallonsa. "Ki bar zaren nan yadda yake."

"In bari? Ka san abin da ake faɗa a gida? Cewa ake ni na kashe ka, alhali ga ka nan kana numfashi!"

"Ta manta ita ta aiko. Kaya da yawa ta saya ranar. Ki bar Uwata a mantuwarta."

"Ni fa? Ni ba mutum ba ce? Daga sama na faɗo?"

"Ke za ki iya ɗauka. Ita ni kaɗai gare ta, kuma tafiya zan yi."

"Kai ma da laifinka! Wa ya ce ka rufe rubutun mutane da zare? Duk gwangwanayen duniya ba su ishe ka ba?"

"Da nawa laifin," ya ce. Ya ja numfashi da ƙyar. "Da naki, tunda ke ma ba ki tambaya ba. Nata ki bar shi a wurinmu. Roƙonki nake."

Wannan ta soke ta, don gaskiya ce. Wata shida tana zubawa bayan ƙodar ta taɓu, ko sau ɗaya ba ta ce bari a tambayi likita ba, saboda daɗin da take ji in ya ce girki ya ci jarrabawa. Haushin kanta ya haɗu da nasa, ta rasa wanda za ta fara zagi.

Takun takalmi ya taho. Kuku ta mayar da gwangwanin jaka.

"Me kike yi a nan?" in ji 'yar Direba, leda cike da magani a hannunta. "Baiwar Allah, sai na kira masu gadi?"

Hannun Kuku na cikin jaka, yatsunta a kan rezar. Ta dubi yarinyar, idanu sun yi ja, mayafi a karkace, da gani ba ta runtsa ba tun zuwanta. Ta dubi Direba, shi kuma ya kafe ta da ido. Ta zaro hannunta babu komai.

"Allah ya ba shi lafiya," ta ce, ta fita.

Bayan kwana biyu Direba ya cika, da hantsi, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Matar mai walda ce ta kawo labarin, kuma ba ƙofar Kuku ta fara bugawa ba. Daga koke-koken tsakar gida ta ji. Ta zauna a bakin gado ta yi masa addu'a, ta yi kuka, sannan ta nuna bangon da ya raba ɗakunansu ta ce, "Ka kyauta. Ka tafi ka bar ni da su."

Ya kuwa bar ta da su. Da ta fito zaman gaisuwa, matan suka matsa suka ba ta fili fiye da yadda take bukata. Ta dafa tukunya guda ta aika wa baƙi, aka dawo mata da ita ko murfi ba a ɗaga ba. 'Ya'yan mai walda, waɗanda kullum suke lashe mata ƙasan tukunya, uwarsu ta kira su da tsawa tun kafin su kai ƙofarta. Matar da ta ciyar da ɗalibai dubbai babu wanda ya taɓa ko ciwon ciki, yau abincinta ake gudu. Sau uku tana ɗauko rezar. Sau uku tana mayarwa tana tsine wa alkawarin da ko da baki ba ta ɗauka ba. A ƙarshe ta cusa gwangwanin a ƙasan akwatin kayanta ta danne da zannuwa.

Ran kwana na biyar da rasuwar, da tsakar rana, ta ɗora shinkafa a risho, aka yi sallama. 'Yar Direba ce. Ta shigo ta sakaya ƙofa, ta jingina da bango.

"Inna."

Kuku ba ta ɗago ba. "Yau kuma na koma Inna?"

"A ina kika sayi gishirin nan?"

"A kasuwa."

"Wane shago?"

"Na manta. Tsufa."

"Tun jiya nake zaga shagunan garin nan. So nake in ga wanda ya sayar miki, in ci masa mutunci. Babu mai shi. Wasu ma ba su taɓa jin sunansa ba. Amma akwai wani babban shago kusa da ofishinmu. Ina ganinsa a can."

"To sai me? Duniya da faɗi."

"Inna, dube ni. A kwalin nan da na aiko, me da me ke ciki?"

"Silifas. Shayi. Ni na san kayan gidanku?"

"Ki ba ni gwangwanin in gani."

"Na jefar."

"Don girman Allah, Inna."

Kwana bakwai Kuku tana mafarkin wannan lokaci, ta tsara kalmomin da za ta faɗa da wanda zai tsaya shaida. Ga shi ya zo da ƙafarsa, sai ta ji wani sabon haushi ya turnuƙe ta. An zubar mata da abinci, an guje ta kamar mai cuta, ta shanye duka, ashe a banza.

"Wawiya!" ta ce, ta miƙe tsaye. "Wa ya aike ki yawon shaguna? Ba sai ki ci gaba da zagina ki koma garinku lafiya ba? Ubanki yana kan gadon mutuwa ya roƙe ni, na haƙura na rufe bakina, ke kuma kin tashi kin je kin..."

Ta dafe bakinta, amma maganar ta riga ta fita.

"Ya sani?" in ji yarinyar. "Baba ya san ni ce?"

Yarinyar ta sulale a jikin bango har ƙasa, ta cusa mayafi a baki don kada tsakar gida ta ji. Kafaɗunta kawai ke tsalle.

Kuku ta tsaya a kanta tana huci. Sannan ta dafa gwiwa ta durƙusa da ƙyar, ta jawo kan yarinyar da ƙarfi ta kifa a cinyarta.

"Laifin na mu uku ne," ta ce. "Ki daina ɗauka ke kaɗai, ba ki isa ba."

Ruwan shinkafar ya tsotse. Ƙaurin ƙuna ya fara cika ɗakin, siririn hayaƙi na fita ta gefen murfi yana bin taga. Kuku na kallonsa daga inda take zaune, tafin hannunta a kan ƙeyar yarinyar, ba ta tashi ba.